Kabeji a Hannu Ake Saninsa

Uwargida da ke kicin, sannu da aiki. Maigida da ke shirin fita cefane, a dawo lafiya. 'Yan gwari da ke zaune gaban kaya da rediyo a gefe, Allah ya ba da kasuwa.

Yau kan kabeji za mu yi magana. Kabeji, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira shu. Yadda za ka shiga kasuwa ka zaɓo mai kyau, ka bar wanda ya kwana biyu.

Wani zai ce, kabeji ma har sai an yi masa shiri guda? Ƙwarai kuwa. Ga dalili. Kuɓewa dafa ta ake yi. Kabewa dafa ta ake yi. Alayyafo ma sai ya ga wuta. Amma kabeji fa? Yawancinsa ɗanye muke ci. A kan ɗanwake, ɗanye. A kan gurasa, ɗanye. A gefen tsire da balangu, ɗanye. A kan garau-garau da awara, ɗanye. Daga kasuwa sai wuƙa, daga wuƙa sai baki. Babu wutar da za ta gyara abin da aka ɓata wajen saye. Shi ya sa zaɓen kabeji ya fi zaɓen sauran kayan miya neman kula.

Za mu fara daga lambu, mu ga hanyar da yake biyowa kafin ya iso gabanmu. Daga nan mu shiga kasuwa tare. Sannan mu dawo gida. Ku biyo ni.

To, mu fara daga lambu.

Kabeji ɗan sanyi ne. Asalinsa daga gaɓar tekun Turai yake, inda iska ke da sanyi da laima. Ya fi jin daɗin girma idan ma'aunin zafi na tsakanin digiri 15 zuwa 20. Wannan ne ya sa Filato ta yi suna da shi. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga saman teku, kuma sanyinta ya dace da shi. A wuraren da suka fi zafi, irin su Kano da Zariya da Maraɗi, manoman rani kan jira hunturu. A yi reno, a dasa, a yi ta ban ruwa. Bayan dashe da wata biyu da rabi zuwa uku, ya ƙulla kai, ya isa yanka. Shi ya sa za ku ga cikin sanyi da ƙarshensa kabeji ya cika kasuwa, ya yi araha. Da bazara ta kankama kuwa, sai ya yi wuya, ya yi tsada, mai kyan ma ya ragu.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Kabejin da aka yanke bai mutu ba. Yana da rai. Yana numfashi, yana fitar da ruwa ta ganyensa. Bambancin kawai, an raba shi da saiwarsa, ba shi da inda zai samu wani ruwan. Kuma kusan kashi 92 cikin 100 na jikin kabeji ruwa ne. Ku ji fa, kashi 92. Tun daga sa'ar da wuƙar manomi ta sauka a gindinsa, wannan ruwan yake raguwa.

Ku duba tafiyar da yake yi. An yanke shi a lambu. An cusa a buhu, an danna, an ɗinke. An loda a mota, buhu kan buhu. Ya sauka a Farin Gada a Jos, ko 'Yankaba a Kano. Dillali ya sayar wa ɗan sari. Ɗan sari ya kai kasuwar unguwa. Mai tebur ya baza shi a rana. Kowane zango, ruwa na fita. Kowane zango, ana bugunsa, ana murza shi. Idan cikin watan Afrilu ne, zafi na kai 40, abin da zai yi kwana uku yana faruwa sai ya faru a yini guda.

Saboda haka tambayar da mai saye zai riƙe ita ce: wannan kabejin, tun yaushe ya bar lambu? Mai kaya ba lallai ya sani ba, don shi ma saro shi ya yi. Amma kabejin da kansa zai ba ka amsa, in ka san inda za ka duba.

Masu sauraro, mun iso kasuwa. Ga tebur, ga kabeji an jera.

Kada ka tsaya daga nesa ka nuna da yatsa. Kada ka ce, malam, ba ni wancan babban. Matsa kusa. Yi sallama. Sa hannu ka ɗauka.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a wurare da yawa. A wajen kabeji kam, ido kaɗai ba ya isa. Ido girma yake gani, hannu kuwa nauyi yake ji. Kuma nauyin muke nema.

Ga yadda za ka yi. Zaɓi biyu masu girma ɗaya. Ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Ɗan jijjiga su. Wanda ya fi rinjayar hannunka, shi ne naka. Me ya sa? Nauyin nan abu biyu yake gaya maka. Yana cewa ruwan jikinsa bai tafi ba, wato sabon yanka ne. Yana kuma cewa ganyen cikinsa a matse yake, babu kogo, babu iska. Kabeji ganye ne kan ganye, an naɗe kamar rawani. In naɗin ya yi tsauri, abin da za ka samu bayan yanka zai cika kwano. In naɗin ya yi sako-sako, iska ka saya.

Sau da yawa za ka ga ƙaton kabeji, ya cika ido, amma ka ɗaga ka ji shi sakayau. Kusa da shi ga wani matsakaici, ka ɗaga ka ji dam. Uwargida, in kika yayyanka su biyun, sau tari matsakaicin nan zai ba ki kusan abin da ƙaton ya bayar, ko ma ya fi. Kuma kuɗinsa bai kai na ƙaton ba. Ni a ganina babu asarar da ake yi wajen sayen kabeji da ta kai ta bin girma.

Bayan nauyi, sai ka ɗan matsa shi da tafin hannu biyu. A hankali fa. Kayan mutane ne, ba a ce ka luma farce ba. Mai kyau ba ya lotsawa. Za ka ji shi da tauri ta ko'ina, wani lokaci har da 'yar ƙara, ƙiƙir, ta ganye mai ruwa yana gogar ɗan uwansa. In ka ji yatsa na nutsewa ta wani gefe, tsaya ka duba wurin. Ko dai ya bugu a mota, ko ruɓa ta fara daga ciki.

Sai dai a lura, wannan magana ta kabejinmu ne na yau da kullum, fari mai dunƙulallen kai, da kuma jan. Akwai wani iri dogo mai laushin ganye da ake kira kabejin China, wanda akan gani a manyan kantuna. Shi haka halittarsa take, ba ya tauri. Kada a yi masa hukuncin wancan.

Mu maimaita. A ɗauka a hannu. A gwada biyu. A bar mai girma, a ɗauki mai nauyi.

Yanzu kuma sai mu juya shi. Nan ne inda na fi so ku kasa kunne, don nan ne mafi yawan mutane ba sa dubawa.

Juya kabejin, ka kalli gindinsa. Wato inda aka yanke shi daga kara. Mai kaya kullum kifa wannan wuri yake yi a kan tebur, fuskar ce ke sama. To gindin nan shi ne ke riƙe da tarihin kabejin.

Sabon yanka, gindinsa fari ne, ko fari mai ɗan ratsin kore. Yana da 'yar danshi, yana da tauri. In ya kwana biyu, sai wurin ya bushe, ya koma ruwan ƙasa. In ya ƙara daɗewa, sai ya fara tsagewa. In kuwa ka ga ya yi baƙi, ko ka taɓa ka ji laushi da yauƙi, ajiye shi. Ruɓar da ta kama gindi ciki take shiga, ba waje ba.

Wani zai ce, ai mai kaya na iya sake yanke gindin ya fito fari tas. Haka ne, ana yi. Amma akwai shaidar da wuƙa ba ta iya gogewa. Dubi kewayen gindin. Duk ganyen da aka ɓare yana barin tabo a jikin kara, wani ɗan gurbi a inda yake manne. Kabejin da ya zo jiya, tabonsa kaɗan ne. Wanda ya yi kwanaki a kan tebur, kullum da safe ana ɓare masa ganyen da ya yi yaushi, za ka ga tabo a jere, zagaye bisa zagaye. Gindin ya zama dogo, ya fito waje tsirara, kan kuma ya ƙanƙance.

Launinsa ma zai gaya maka. Ganyen waje na kabeji kore ne, don shi ke ganin rana. Na ciki fari ne, don a rufe yake. To in ka ga kabeji fari fat tun daga waje, babu ko ganye ɗaya mai kore, ka san rigunansa na waje sun tafi. Abin da kake kallo cikinsa ne. Mutane da yawa wannan farin ke ruɗarsu. Suna ganin ya fi tsabta, ya fi kyau. Alhali shi ne tsohon.

Ina so in yi wa 'yan gwari adalci a nan. Ɓare ganye ba ha'inci ba ne. Gyaran kaya ne, kuma dole ne, don ruɓaɓɓen ganye ɗaya na iya lalata buhu guda. Mai kaya yana kare jarinsa. Amma kai mai saye kana da haƙƙin sanin abin da kake biya. Kabejin da aka ɓare sosai, in yana da tauri, in ba ya wari, ana iya saye a ci a ranar. Sai dai a yi tayinsa a matsayin na jiya, kuma kada a saye shi da niyyar ajiya. Na ajiya shi ne mai koren ganye biyu ko uku a jikinsa, suna lulluɓe da shi. Ganyen nan su ne garkuwarsa. Su ke tare rana, su ke tare ƙura da hannun mutane, su ke hana ruwan ciki guduwa. Kada ka ce a ɓare maka su a kasuwa. Ka kai su gida.

Ɗan'uwa mai kaya, kai ma ga shawara. In ka bar wa kabejinka rigarsa, ka sa shi a inuwa, ka ɗaga shi daga ƙasa, zai fi daɗe maka, kuma asararka za ta ragu.

Mu sake maimaitawa. A ɗauka a hannu, a ji nauyi. A juya gindi, a ga fari, a ƙirga tabo.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, kan zaɓen kabeji muke magana. Mun auna nauyi, mun duba gindi. Yanzu sai ganye.

Ganye mai kyau yana da ƙarfi. In ka lanƙwasa gefensa, karyewa zai yi, ɓas. In ya lanƙwasu kamar ba komai, ya yi yaushi. In ya fara rawaya, ya tsufa. In kan ya tsage, ya buɗe baki, wannan ya wuce lokacin yanka a gona, ko kuma an ba shi ruwa da yawa bayan ya sha ƙishi. Ba guba ba ne, amma ƙasa da ƙwari sun samu ƙofa, kuma ba zai jure ajiya ba. Wannan duk a fili yake, ba sai mun daɗe a kai ba.

Abin da ke neman bayani shi ne huji. Babbar abokiyar gabar manomin kabeji wata 'yar ƙaramar tsutsa ce koriya, wadda wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare ke haifarwa. Ita ke huda ganye. To huji biyu ko uku a ganyen waje ba abin tada hankali ba ne. Ɓarewa za a yi a zubar. Abin dubawa shi ne, hujin ya tsaya a waje ne, ko ya nutsa? Ɗaga ganye ɗaya ka leƙa. In ka ga ramin ya bi ciki, ga kuma wasu 'yan ƙananan ɗigo kore ko baƙi a wurin, kashin tsutsa ne. Tana ciki. Bar shi.

Akwai kuma wata cuta da ta fi yawa da damina, lokacin da zafi da laima suka haɗu. Masana aikin gona na kiranta baƙar ruɓa. Alamarta, rawaya ce da ke farawa daga bakin ganye, da faɗi, tana tsukewa zuwa ciki. Jijiyoyin ganyen kuma su yi baƙi. Wani lokaci in ka kalli gindin da aka yanke, za ka ga ɗige-ɗigen baƙi a zagaye. Irin wannan kabeji ba ya ajiyuwa. Bayanta ruɓa mai yauƙi ke biyowa.

Ita kuwa ruɓa mai yauƙi, hanci ne ke kama ta. Don haka kai shi kusa da hanci, ta wajen gindi. Kada ka ji kunya. Sabon kabeji ƙanshin ɗanyen ganye yake yi, kaɗan, ba ya hawa kai. In ka ji tsami, ko ɗoyi, ko da fuskar na sheƙi, ajiye.

Hancin nan yana da wani aiki na biyu, kuma wannan magana ce mai nauyi. Saboda tsutsar da muka ambata, kabeji na cikin kayan lambun da ake yi wa feshi sosai. Kowane maganin feshi na gaskiya, a jikin kwalbarsa an rubuta kwanakin jira. Wato kwanakin da manomi zai dakata bayan feshi na ƙarshe kafin ya yanka. A cikin kwanakin nan ne ƙarfin maganin ke raguwa. Akwai manoma masu kiyaye wannan, Allah ya saka musu. Akwai kuma waɗanda in kasuwa ta yi kyau ba sa jira. To in ka sansana kabeji ka ji warin magani, kada ka saya, komai arharsa. Kada ka ce ai za a wanke. Wanki yana rage na saman ganye, amma ba ya kawar da komai.

A nan akwai abin da ke rikita mutane. Kabeji yana da wani farin toka-toka a jikin ganyensa, wanda halitta ce. Wani irin kaki ne da Allah ya yi masa, shi ke sa ruwa ya gangare bai jiƙa ganyen ba. Wannan shimfiɗe yake bai ɗaya, kuma ba ya wari. Ragowar feshi kuwa dabbare-dabbare take, da siffar ɗigon ruwan da ya bushe. Sai a bambanta.

Kada kuma a ce duk kabejin da babu huji magani ya sha, ko duk mai huji ba a fesa shi ba. Ba haka ba ne. Huji ba shaida ba ce ta ko ɗaya. Abin da ya fi shi ne ka samu mai kayan da ka yarda da shi, wanda ya san inda yake saro kayansa, ka riƙe shi.

Manomi, Baba, kana jinmu a bakin lambu. Kabejin nan da ka yanka, wani yaro ne zai ci shi ɗanye a kan ɗanwake gobe da safe. Don Allah a cika kwanakin jira.

Mu zo kan yankakke. Ba kowa ke da kuɗin dunƙule guda ba, kuma ba kowane gida ke buƙatarsa ba. Sai a ce a ba ni rabi, ko kwata. Babu laifi. Har ma akwai riba ɗaya, don kana ganin cikin da idonka. Wani lokaci kabeji kan yi ƙunar ciki, gefen ganyen tsakiya ya koma ruwan ƙasa, alhali waje lafiya lau. Wannan sai an yanka ake gani.

Amma ka ce a yanka maka a gabanka. Kada ka karɓi wanda aka yanka tun safe. Fuskar da aka yanka ƙofa ce a buɗe. Ruwa na fita ta nan. Ƙuda na sauka a nan. Ƙura na shiga tsakanin ganye ta nan. Sinadarin bitamin C ma, wanda ke taimakon garkuwar jiki da warkewar rauni da lafiyar dasashi, iska da zafi na cinye shi ta nan. Kuma kabeji na da shi ba kaɗan ba. A cikin giram 100 na ɗanyen farin kabeji akwai kimanin miligiram 36, jan kuma ya fi haka. Kada a bar wannan amfani a kan tebur. In fuskar yankan ta bushe, ko ta yi duhu, an daɗe da yankawa. Ka dubi wuƙar ma. In ita ce ake yanka komai da ita, ana gogewa da tsumma ɗaya tun safe, gara ka haɗa kuɗi da maƙwabci ku sayi guda, ku raba a gida.

Wanda aka riga aka yayyanka ƙanana aka ƙulla a leda kuwa, ni ban ba da shawararsa ba. Ba ka ga gindinsa ba, ba ka ga ganyensa ba, ba ka san ruwan da aka wanke shi da shi ba.

Masu hidimar biki da suna, da masu sayar da abinci, ku da buhu kuke saye. Kada ku tsaya a kan na bakin buhu. Ku ce a zazzage. Na ƙasa shi ya ɗauki nauyin sauran tun daga lambu. Ku zaɓi ɗaya daga tsakiya, a fasa a gabanku, sannan a yi ciniki.

Maigida, in yaro za ka aika, kada ka miƙa masa kuɗi kawai ka ce sayo kabeji. Gaya masa: ɗauki mai nauyi, duba gindinsa fari ne, kawo shi da koren ganyensa. Yaro ɗan shekara goma zai riƙe wannan.

To jama'a, an yi ciniki, an sallama. Mu koma gida, sashe na ƙarshe ke nan.

Uwargida, kada ki wanke kabejin da ba yanzu za ki yi amfani da shi ba. Ruwan da ya maƙale tsakanin ganye shi ke jawo ruɓa. Ki bar shi da rigarsa, a bushe. In akwai firji kuma akwai wuta, ki sa shi a ledar da aka ɗan huhhuda, a aljihun ƙasa. Dunƙule guda mai lafiya zai yi mako biyu, har ya fi. Wanda aka fasa kuwa, ki rufe fuskar yankan, ki cinye shi cikin kwana biyu ko uku.

In babu firji, ko wutar ba ta tsayawa, akwai dabarar da ta fito daga cikinmu. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa ce ƙarama a cikin babba. A cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a sa kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke bushewa, yana tafiya da zafin ciki, sai tukunyar ta yi sanyi. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska ke a bushe. Da damina ƙarfinta na raguwa.

Wani abu kuma. Kada a haɗa kabeji wuri ɗaya da ayaba, ko mangwaro, ko tumatir mai nuna. Waɗannan suna fitar da wata iska da ba a gani, sunanta etilin, wadda ke sa 'ya'yan itace nuna. Shi kabeji ba nuna take sa shi ba. Rawaya take sa shi, ganyensa ya riƙa saki. A raba musu kwando.

In lokacin ci ya yi, ki fara da wanke hannu da sabulu. Ki ɓare ganyen waje biyu ko uku ki zubar, sun gama aikinsu. Ki raba shi huɗu, ki cire ƙashin tsakiya, ki warware ganyen, ki wanke da ruwa mai tsabta, irin wanda za ki iya sha. Wannan sharaɗi ne. Kabeji mai kyau da aka wanke da ruwan banza ya zama abin tsoro. A tuna kuma, wasu lambunan da ke gefen birane da ruwan kwata ake ba su ruwa, ana kuma zuba takin da bai gama ruɓewa ba. Ta nan ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa ke hawa ganye. Jiƙa shi cikin ruwan gishiri na 'yan mintoci yana fito da tsutsa da ƙwarin da suka ɓuya. Ruwan kal ma yana taimakawa. Sai a ɗauraye, a tsane. Amma gishiri da kal ba sa kashe kowace ƙwayar cuta. Wuta ce ke yin wannan. Saboda haka in ana fama da amai da gudawa a gari, a dakata da ɗanyen kabeji, a dafa. Haka mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da tsoho, da marar lafiya, dafaffe ya fi musu.

Kuma katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai, kada a ɗora masa kabejin da za a ci ɗanye sai an wanke shi da sabulu, shi da wuƙar.

In dafawa za a yi, kada a daɗe. Minti biyar zuwa bakwai a ruwa kaɗan, ko a ɗan soya shi sama-sama da albasa da attaruhu, ya isa. Daɗewa a wuta ke fito da warin nan da ke cika gida, ya kuma tafi da amfanin. Kada a sa masa kanwa don ya yi laushi. Kanwa na lalata bitamin C, kuma in jan kabeji ne, za ta mai da shi shuɗi. 'Yar matsar lemon tsami ce ke riƙe masa jansa.

Nan za mu dakata, masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A yi cefane lafiya.